Ranar da Majigi Ya Tona Min Asiri a Ajingi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban shugabannin ƙungiyar manoma a Ajingi ina zufa kamar wanda ya wuni yana huɗa ba, alhali duk aikin da na yi bai wuce danna maɓalli ba.

A Gaya ana ce min Injiniya. Ban taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, gyaran waya nake yi da saka wa mutane manhaja, amma tun da wata tsohuwa ta laƙaba min sunan na ƙi gyara mata (wa zai gyara?). Kaina kuwa ya kumbura, har na fara jin duk abin da ke da allo da maɓalli a ƙarƙashina yake.

Ƙungiyar manoman ce ta so a samu wurin tara bayanin iri: wace gyaɗa ce ke yi a Gafasa, wane gero ne ke jure ƙarancin ruwa, da makamantansu. Malama Rabi, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata, ita ta kafa musu shafin wiki, irin shafin nan da kowa zai iya shiga ya ƙara abin da ya sani. Wata uku tana fama da shi bayan ta tashi daga makaranta. Ni an haɗa ni da ita ne don in taimaka. Shugaban ƙungiya, Alhaji Sale, ya ce ranar taro za a ga aikin, sannan a damƙa wa mutum ɗaya kula da shafin. Kowa ya san Rabi ce ta cancanta. Ni ma na sani, amma wallahi raina ya biya.

Cikin aikinta akwai wani ɗan shiri da ta rubuta, wato jerin umarni da ke buɗe fayil ɗin sunayen iri ya jera su cikin tebur, wato jadawali, a kan shafin. Wata rana ta ba ni filashinta in cire mata bairos, cutar nan ta kwamfuta. Na cire, na kuma kwafe shirin da fayil ɗin a ɓoye. A gida na zuba masa launin kore, na ƙara girman rubutu, sannan na canza adireshin fayil ɗin ya koma yana nuna inda na ajiye nawa kwafin a laftof ɗina. Na gwada a laftof ɗin, ya yi aiki tsaf, har na tafa wa kaina.

Da safiyar taron na zuba shirin a filashina na hau acaɓa zuwa Ajingi. Laftof ɗin na bar shi a Gaya saboda batirinsa ba ya riƙe caji, kuma ai akwai kwamfutar ofishin ƙungiya. Ina isa na ce wa Rabi na rubuta sabon shiri da ya fi nata, na cire nata daga shafin na saka nawa. Ta tambaye ni ko na gwada shi a cikin wiki ɗin kansa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai aikinmu ne (ku dai ji bakin mutum).

Aka tayar da janareta, aka kunna majigi, manoma suka cika bencina. Na yi jawabi mai tsawo kan zamani da ci gaba, na danna maɓalli. Maimakon tebur sai ga jan rubutu, wai ba a samu fayil ba. Na sake dannawa, jan rubutu. Na ce intanet ne, sakataren ƙungiya ya ɗaga wayarsa ya ce intanet lafiya lau. Na kashe kwamfutar na kunna, na hure madannai kamar ƙura ce matsalar. Jan rubutun nan yana nan daram.

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyin kaina. Na juya na ce wa Alhaji Sale shirina lafiyarsa ƙalau, yadda Malama ta tsara shafin ne ke hana shi aiki.

Rabi ba ta ɗaga murya ba. Ta yi wa Alhaji bayani cewa wiki ba ya barin irin waɗannan shirye-shirye su yi yawo cikin kwamfuta. Ɗaure su yake yi wuri guda, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke da damina don kar ta shiga gonar mutane, abin da aka ajiye mata a gabanta shi kaɗai take iya ci. Alhaji ya gyaɗa kai, amma ya ce in dai ita ce ta gajarta igiyar, to wataƙila gara a bar wa Injiniya shafin tunda shi ya san kan abin. Na ga yadda fuskarta ta canza, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Tausayinta ya kama ni, amma ban janye maganata ba.

Don in tabbatar da laifinta ma, sai na ce bari in ƙara girman jan rubutun kowa ya gani da idonsa. Ni da hannuna na ƙara shi har ya cika bango. Ashe saƙon yana nuna cikakkiyar hanyar da shirin ya bi yana neman fayil ɗin, folda bayan folda. Farkon Turanci ne, amma sunan foldar ƙarshe da Hausa na rubuta shi. Sakatare ya gyara tabarau ya karanta wa jama'a a hankali: "Kwamfutar Injiniya... Na Rabi, kar ta gani."

Wani daga baya ya fara tari irin na mai danne dariya, daga nan kowa ya fashe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji Sale, wanda ko saƙon waya sai an karanta masa, ya dube ni ya ce, "Wato ɗana, ka ɗaure akuyar a Ajingi, harawar kuma tana ɗakinka a Gaya? Kuma akuyar ma ba taka ba ce?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Rabi ta karɓi kujerar. Ta mayar da adireshin ya koma kan fayil ɗin da ke cikin wiki ɗin, layi ɗaya tak, ba ta yi minti biyu ba. Tebur ya fito reras, gyaɗa, gero, dawa, wake. Manoma suka matso kowa yana neman sunan ƙauyensu. Da wani ya yaba kyan launin, sai ta ce ai koren nan aikin Injiniya ne, kuma ya yi kyau, za a bar shi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

A nan take Alhaji ya damƙa mata shafin. Bayan an watse na tsaya a bakin ƙofa na ba ta haƙuri, ina magana ina kallon takalmina. Ta ce ya wuce, kuma da na tambaye ta shirin tun farko da ta ba ni har da bayani.

Tun daga ranar duk shirin da na taɓa, a wurin da zai yi aiki nake gwada shi, ba a ɗakina ba. Kuma in jan rubutu ya fito, kafin in nuna wa kowa yatsa sai na karanta shi ni kaɗai har ƙarshe, da ƙananan haruffa.