Igiyar Karya-Gwiwa

Wani mutum ne wai shi Tanimu, wanda ya raɗa wa kansa suna Barewa. Tun da ya dawo daga bautar ƙasa a Mambila kunnuwan majalisa ba su huta ba. Wai can da buhun masara a ka yake hawan dutse, yana tafe yana shan rake. Wai birai ma kauce masa suke yi.

Ana nan sai ya ga Lantana, 'yar ƙauyen Kan Tudu, mai karatun jinya a gari. Mahaifinta Malam Barau ya riga ya faɗa: ba zai ba da 'yarsa ga ɗan birni mai ƙafar taliya ba, wanda tudu zai hana shi zumunci. Lantana kuwa ta kwashe labarin Mambila kaf ta kai gida.

Ranar gaisuwar surukai, Tanimu da abokinsa Haladu suka sauka a gindin tudun. Ga 'yan acaɓa masu zagayawa ta titi. Ga kuma yanke ta cikin kurmi, 'yar gajeriyar hanya da ake kira Karya-Gwiwa.

"Mu hau babur, ango," in ji Haladu.

"Babur? A idon surukai? Wannan ai shurin gara ne. Kai ɗauki goron ka hau, ka tarar da ni ina shan fura."

Ya kutsa cikin itatuwa yana fito. Ba a je ko'ina ba fiton ya mutu. Hanya ta miƙe tsaye kamar tsani. Saiwa nan, santsi can. Babbar riga mai sitati ta jiƙe sharkaf, ƙirji na fuu-fuu kamar zugazugin maƙeri. Barewa ya koma rarrafe.

Sai murya daga baya: "Samari, in mutuwa za ka yi, matsa gefe."

Wata tsohuwa ce da damin itace a ka, tana tauna goro.

"Iya, ki taimake ni. Amma don Allah kada kowa ya ji."

Ta ɗaura masa igiya a ƙugu ta ƙarƙashin riga, ta ja shi tiryan-tiryan kamar akuyar da za a kai kasuwa. Suna isa sama ta saki, ta yi gaba abinta. Shi kuwa ya kakkaɓe jiki, ya gyara hula, ya yi sallama a zauren Malam Barau, inda Haladu ke jira. Ya durƙusa har ƙasa.

"Ta Karya-Gwiwa ka hawo? Madalla," in ji Malam Barau.

"Ko gumi ban yi ba, Baba. Wannan raɓar ganye ce."

"To, taso ka hau tabarma."

Tanimu ya yunƙura. Gwiwa ta ce ba da ita ba.

"Nan ma ya isa, Baba."

"Kai, yaro da ladabi," in ji Malam Barau.

Ladabi ya yi ta tsawo har aka kira la'asar. Kowa ya miƙe. Tanimu ya ciji leɓe ya sake yunƙurawa. Cinya ta yi kar-kar-kar, ya tafi ragwaf, hula ta gangara bakin ƙofa. Daidai nan mahaifiyar Malam Barau ta shigo da ƙwaryar fura. Tsohuwar nan ce mai itace.

"Au, ashe mijin nawa ne. Barau, wannan ne na Mambilan?"

"Iya, kin san shi ne?"

"Ni dai an ce kada kowa ya ji. Igiyata kawai nake so, zan ɗaure tunkiya."

Malam Barau ya sunkuya ya ɗaga gefen babbar riga. Ga igiya nan ɗam a ƙugu, har da ƙullin dabba. Ya dubi Haladu ya ce, "Ɗauki goronku, ɗana."

Sannan ya juya wajen tsohuwa.

"Bar masa igiyar, Iya. Ai da saura gangara."