Ranar da Na Zama Lauyan Rakiya

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har lambar wayata sai na dubi bangon shago nake tunawa, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na miƙe tsaye a cikin jami'a, gaban manyan malamai uku da jama'a cike da ɗaki, na yi aikin da ba wanda ya sa ni.

Ni sana'ata sudur ce, abin da wasu ke ce wa walda. Shagona yana bakin unguwar Birni. Ƙofa, taga, gado, amalanke, duk abin da ƙarfe zai iya zama, ina yi. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji uku na yi. Akwai wani mushe, malaminmu a lokacin, yana da jan bik na rubutu a aljihun gaba da dorina a hammata, in ya zare ɗaya to ɗayar tana tafe. Ranar da ya cika mini kaye, littafin rubutuna, da jan zane, ya cika mini baya da shatar bulala, na fita ta taga ban koma ba. Faransancina ke nan har yau: wi mushe, marsi, sa ba.

Rakiya ita ce 'yata ta huɗu, kuma ban san inda ta samo kanta ba (uwarta ta ce daga danginsu ne, ban yi musu ba, na gaji). Tun tana ƙarama ba ta barin mutum ya sha shayi cikin kwanciyar hankali. Me ya sa inuwa ke gajarta da azahar? Me ya sa ƙarfe ke yin ja a wuta? Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta shiga jami'a tana karatun fizik, har da darasin sararin sama. A shekara ta uku aka ce kowa ya zaɓi aikin da zai kammala lisans, digirin farko, da shi. Ita sai ta zaɓi rana.

Ta ce wai akwai tabo baƙaƙe a fuskar rana, in ka bi su kullum za ka ga suna tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma da haka ake gane ita ma ranar juyawa take yi. Na ce to, ni shekara hamsin da biyu ina ƙarƙashinta, dukan ƙeya kawai na san ta da shi.

Malamanta suka ba ta aron madubin hangen nesa, wani bututu mai tsawon hannu. Ba a leƙa rana da shi. Farar takarda ake sawa a bayansa, hoton rana ya faɗo a kai kamar faifai. Ta fara ja mini kunne kada in kuskura in sa ido, na ce, “Ke, mai sudur za ki koya wa abin da haske ke yi wa ido?”

Matsalar ita ce bututun ba shi da abin ɗorawa. Nan aka zo gonata. Na hau soron gidanmu, inda za ta riƙa yin aikin, na auna. Soron na ƙasa ne, ginin kakana, kuma kowa ya san irinsa yana da gangare zuwa indararo saboda ruwan sama. Don haka na haɗa mata ƙafa huɗu da bututun famfo, na sa haƙorin tsohon keke a sama yadda za ta juya shi a hankali ta bi rana, sannan ƙafar da za ta zauna wajen tudu na rage mata yatsa biyu. Da muka kafa shi a soron, ko ka rataya masa buhun gero ba ya motsi. (Ku riƙe maganar yatsa biyun nan. Ni ban riƙe ba.)

Wata huɗu, kowace safiya ƙarfe tara, Rakiya tana soro da fensir. Ranar da na fara hawa na gani da idona, sai ga su, kamar ƙudaje uku a kan farantin tangaran. Bayan kwana biyu na koma, sun matsa. Ta ce a lissafinta rana na gama juyi ɗaya cikin kwana ashirin da bakwai ko kusa da haka. Na kai labari fadarmu ta shayi. Taubashina Ilu baduku ya ce dattin madubi ne. Na jawo shi har soro, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya tashi ya ce, “To, ai ka ga ba kai kaɗai ne mai tabo a fuska ba.”

Aka sa ranar sutnans, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa, iyaye da dangi suna kallo. Kwana biyu kafin nan Rakiya ta same ni a shago.

“Baba, bari in gaya maka yadda ake yi, don kada abin ya zo maka baƙo. Bayan na gama bayani, malaman za su...”

“Na zauna gaban alƙali, na karɓi aure ya fi goma, na je ofishin lanho wajen masu haraji na fito da raina. Zama a kujera ne za ki koya mini?”

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta tafi. Da na bar ta ta ƙarasa wannan magana, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Ranar ta zo. Uwarta ta tashi tun asuba ta cika kuloli da shinkafa da kaji, 'yan uwanta daga garin Hamdara suka iso da anko iri ɗaya, ni kuma na fito da babbar rigar da nake zuwa Idi da ita. Da hannuna na ɗauki ƙafar madubin na shigar da ita ɗakin, na ajiye a gaba, na samu kujera a layin farko. Uwar Rakiya a damana, Ilu a haguna.

Yarinya ta tashi ta yi ta zuba Faransanci kamar an buɗe famfo. Hotunan ranarta suna fitowa a bango, tabo na tafiya. Ban ji ko kalma ba, amma duk inda na ga mutane sun gyaɗa kai, nakan gyaɗa sau biyu. Wallahi rigata ta yi mini kaɗan a ranar.

Sai aka zo kan malamai. Na tsakiya dattijo ne mai furfura, ya yi 'yan tambayoyi yana murmushi. Ta biyu mace ce, ita ma ba laifi. Na ukun wani siriri ne mai tabarau. Ya jawo littafin Rakiya, na ga duk ya nannaɗe kunnen shafuka. Ya sa hannu a aljihun gaba. Ya zaro jan bik.

Bayana ya tuna kafin kaina ya tuna.

Mutumin nan ya yi tambaya, ta amsa, ya girgiza kai. Ya sake yi, ta sake amsawa, ya ƙwanƙwasa tebur da bik. Ya tashi ya je allo, ya zagaye wani lissafi da ta rubuta, ya tsaya yana kallonta ta saman tabarau. Rakiya ta ɗauki ruwa ta sha. Na duba jama'a, kowa ya zauna lafiya lau, har da mai danna waya. Na ce a raina, wato a nan haka ake yanka ɗan mutum, dangi suna kallo. Uwarta ta lura da numfashina, ta damƙe gefen rigata.

Daga nan siririn ya tako zuwa wajen ƙafar madubina. Ya sa yatsa ɗaya, ya taɓa. Ƙwas, ƙwas. Ya ɗaga gira ya dubi Rakiya. Ta fara magana da sauri, ta nuna ƙafar, sannan ta juyo ta nuna ni. Ɗakin nan kaf ya waiwayo.

Abin da kaina ya ba ni shi ne: an matsa wa yarinya har ta faɗi mai laifi, kuma za a kayar da ita saboda aikin hannuna. Ban san lokacin da na fizge rigata ba.

“Mushe, dakata,” na ce, da Hausa, da muryar da nake magana da ita in injin yanka ƙarfe yana aiki. “Tun ɗazu nake kallonka. Yarinyar nan wata huɗu tana soro rana na gasa ta. Kai kana ina? In ka fi ta sanin ranar, ga ta can a waje, ba a kulle take ba, je ka ƙirga da kanka. Kuma wannan ƙarfe da kake taɓawa da yatsa kamar kashin kaza, ni na haɗa shi. Shekara talatin ina sudur, ba a taɓa dawo mini da aiki ba.”

Na tako gaba don in nuna masa. Na ɗora tafin hannuna a kai.

Ƙwas, ƙwas.

Na gyara tsayuwa, na sake dannawa. Ƙwas, ƙwas. A lokacin ne yatsa biyun nan suka faɗo mini a rai. Daɓen jami'a a miƙe yake, ba shi da indararo.

Mai hankali da ya koma ya zauna. Amma hannun mai sana'a ba ya shawara da kai. Na zare takalmina na dama, na tura shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, na danna, abu ya tsaya cak. Na ɗago ina jiran a yaba. Sai na ga kaina yadda kowa ke ganina: ƙato da babbar rigar Idi, tsaye gaban malaman jami'a da takalmi ɗaya, ga wayoyi wajen goma a sama suna ɗauka.

Dattijon ya rufe bakinsa da hannu, ya yi tari, ya ce wani abu da Faransanci. Jama'a duk suka miƙe suka nufi ƙofa. Na ce shi ke nan, an kore mu. Kunya ta hana ni sunkuyawa in ɗauki takalmin, na bi su haka.

A waje tsakuwa ta ɗau zafi, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Uwar Rakiya ta dube ni daga hula har ƙasa, ta ce, “Ka gama, ko da saura?” Ilu ya matso ya rusuna, ya ce, “Metir, ina da rigimar gona, ko za ka tsaya mini?” (Metir shi ne yadda ake kiran lauya. Sunan ya bi ni har yau.) Rakiya tana can ƙarƙashin dogonyaro ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Shekara uku tana tashi da asuba, ni na rushe su cikin minti biyu. Na ɗingisa na je.

“Rakiya, in koma in ba su haƙuri?”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Baba, don girman Allah kada ka sake shiga ko'ina.”

Aka kira mu. Kowa ya tsaya a tsaye, dattijon ya karanta wata takarda, sai kawai na ji guɗa ta tashi daga wajen mutanen Hamdara. Goma sha bakwai cikin ashirin, har da yabon malamai. Ashe fitar da aka yi da mu al'ada ce, kowane ɗalibi sai an fitar da jama'a malamai su yi shawara. Ashe kuma rawar kafaɗar nan dariya ce ta ci ƙarfinta.

Ina neman hanyar sulalewa sai ga siririn nan ya nufo ni, da takalmina a hannu. Ya ɗan rusuna, ya yi mini Hausa tsantsa, irin ta mutanen garin Dogo.

“Baba, ga amanarka. In mutum biyu suka zo shagonka, ɗaya ya ce ƙofa ta yi kyau ya wuce, ɗaya ya girgiza ta, ya leƙa sudur, ya yi ta kushe, wanne ne mai saye?”

Na ce mai kushen.

Ya ce, “To ni saye na zo yi. Littafinta sau uku na karanta.”

Rakiya ta iso tana share ido. Ta ce, “Ka san abin da nake gaya masa lokacin da ka tashi? Cewa nake yi ba kuskure ba ne, mahaifina ne ya auna gangaren soro ya yanke ƙafar daidai da shi, shi ya sa awona bai kauce ba wata huɗu. Yabonka nake yi, Baba. Saura kaɗan a tafa maka.”

Wato sau ɗaya a rayuwata aka tashi yabona a jami'a, da Faransanci, ni kuma na tashi na hana.

Muka ci shinkafa a ƙarƙashin itatuwa, malamin ya ci cinya biyu, ya ce in haɗa wa ɗalibansa irin ƙafar nan guda uku, amma a yi musu tsawo ɗaya. Na haɗa, kuma ba su motsi.

Abin da na koya shi ne, in ɗanka ya ce bari ya gaya maka yadda ake yi, to ka bari ya gaya maka. Yanzu Rakiya tana karatun gaba, sutnans ɗinta na biyu yana tafe, kuma ta riga ta raba wa kowa aiki. Ni an ba ni gadin kulolin abinci, a waje, da takalmi mai igiya.