Yadda Na Koya wa Kajin Gidana Shan Ƙwai

Kajin mai ɗakina Hajara sun fara yin ƙwai mai ɓawo kamar takarda, kana ɗauka ya fashe. Ta ce za ta tambayi Goggo Lami, tsohuwar maƙwabciyarmu. Na ce haba, a gidan malamin makaranta guda? Na duba waya, na ga an ce ɓawon ƙwai ne maganin. Ban ƙarasa karantawa ba.

Na je wurin mai shayi a kasuwar Hunkuyi, na ciko leda da ɓawo, na juye musu a akurki yadda yake, har da guntun gwaiduwa. Suka yi ta wawaso, ni kuwa na harɗe hannu ina kallon Hajara.

Bayan kwana huɗu ƙwai ya ɗauke ƙaf. Na rantse tunku ne, har tarko na ɗana.

Hajara ta kirawo Goggo. Tsohuwa ta kama kaza ɗaya, ta nuna min bakinta duk gwaiduwa. "Malam, ga tunkunka. Ɓawo ai gasa shi ake a kasko, a daka lukui, a cuɗa da dusa. Kai ka ɗanɗana musu."

Ita ta daka mana na farko, ta kuma ba Hajara kaji biyu madadin waɗanda suka ƙi daina shan ƙwai muka yanka. Allah Ya saka mata da alheri, yanzu ƙwan kajinmu sai an ƙwanƙwasa yake fashewa.

Goggo ta rufa min asiri, Hajara ce ta tona. Har yau in na gifta, sai mai shayi ya ɗaga murya: "Malam, yaya ɗalibanka na akurki? Ko a ƙaro musu littattafai?"