Yadda Za Ki Ƙwato Motar Marigayi daga Hannun Ƙanin Miji

Ke da mijinki ya rasu ya bar miki yara da tsohuwar mota mai karkarwa kamar mai zazzaɓi, matso kusa. Ƙanin mijinki ya ce motar ta gama aiki, a sayar wa masu tsohon ƙarfe? Bi matakan nan biyar, na yi miki alkawari ko kusa ba za a taɓa ta ba. Ban yi karatu mai nisa ba, amma shekara goma sha tara na yi a kujerar gefe, baban yara, Allah ya jiƙansa, yana tuƙi yana yi mini bayani. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

1. Danna ta

Ki dafa kusurwar motar da hannu biyu, ki danna da duk nauyinki, ki saki. In ta taso ta tsaya, lafiya lau. In ta ci gaba da rausaya kamar ta ji kiɗa, shakazoba ce ta mutu, wato ƙarfen da ke shanye gargada. Ki yi wannan a gaban ƙanin mijin, ki ce "Uhm," kada ki ƙara. Rabin gwaninta "uhm" ne.

2. Tambayi jikinki

Ki sa shi ya ja motar. In sitiyari ke rawa, ciwon na gaba ne. In mazaunanki ke rawa, na baya ne. Nawa ƙanin mijin cewa ya yi, "Matar Yaya, injin ne fa ya tashi daga aiki." Na ce, "Baffan yara, tsaya a gefe." Ya tsaya, inji na kunne, karkarwa ta ɗauke cak. Na ce, "To ina zazzaɓin?" Sai ya hau gyaran madubi.

3. Girgiza taya

A ɗaga motar da jak. Ki kama tayar sama da ƙasa ki jijjiga. In kin ji ƙwas-ƙwas, wani abu ya cinye a ciki. Ba dole ki san sunansa ba. Amma kada ki wanke hannu. Ba a musu da mace mai baƙin mai a hannu.

4. Kada ki yi kuka a gareji

Bakanike in ya ga hawaye, har rediyo sai ya gano mata cuta. Ki ce, "Duba mini bushin," wato robar da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Namu bakaniken ya leƙa ƙasa ya fito yana dariya, ya dubi ƙanin mijin: "Hajiya ta fi ka gaskiya, Malam. Motar nan da sauranta."

5. San inda za ki tsaya

Da bakaniken ya gama, ya ja da baya ya ƙare wa motar kallo. Ya ce, "Ta ɗan karkata ɓangaren direba. Sifirin da ke ɗaukar nauyi ya kwanta. Mai ita ƙato ne, ko?" Na ce ƙato ne. Ya ce, "A canza?" Ƙanin mijin ya juya mana baya, ya daɗe yana fyace hanci. Shi ya amsa: "Bar wannan. Gobe ni zan kai yara makaranta a cikinta."

Gargaɗi: ni ba bakanike ba ce. In tayarki ta fita ta riga ki isa gida, babu ruwana. In kuma kin bi mataki na biyar motarki tana tafiya a karkace, kada ki zo wurina neman gyara. Tawa ma haka take.