Ruwa a Shagon Yaya Tsaf-Tsaf

Duk layinmu babu mai kamala irin yayana, mai shagon kafet da labule, wanda 'yan kasuwa ke kira Tsaf-Tsaf. Mutum ne da ke gyara zaman hula kafin ya amsa waya. Ko ƙuda ya shiga shagonsa, sai ya ji kunyar kansa ya fita. Ni kuwa ƙaninsa ne, aikina a shagon gyaɗa kai, kuma ba yabon kai ba, na ƙware.

Wata safiya muka buɗe shago, ruwa ya tarbe mu a bakin ƙofa. Bututun ruwan bene ne ya fashe. Silin ya rufto, kafet sun sha sun ƙoshi, labule na ɗiga. Jarin Yaya kaf yana iyo.

Matarsa ta iso a guje, ta ce, "Baban yara, ka kira kamfanin inshora yanzu, su zo su gani da idonsu. Ai don irin wannan ranar kake biyansu."

Yaya ya dube ta da tausayi. "Su gani? A haka? Manyan mutane su shigo shagona suna tattare ƙafar wando? Ke ba ki san harkar kamfani ba. Mutum kamata ba a ganinsa a jiƙe."

"Gaskiya ne, Yaya," na ce. Na zaro waya zan ɗauki hoto, ya harare ni. Na mayar da ita aljihu, har da ba shi haƙuri.

Muka duƙufa. Muka kwashe ruwa, muka goge ƙasa. Kafet ɗin da suka fara wari aka loda a mota zuwa juji mai nisa, don kada maƙwabta su samu abin faɗa. Kafinta ya sa sabon silin, mai fenti ya bi bango. Ni na zaɓi launin, kuma har yau ina alfahari da shi. Kamfanin dai ya sharɗanta a sanar da shi cikin 'yan kwanaki, amma fenti bai san sharaɗi ba, sai da ya ga dama ya bushe.

Da komai ya koma ƙal, Yaya ya sa sabuwar riga, ya fesa turare, sannan ya kira.

Jami'in kamfani ya zo. Yaya ya tarbe shi da jawabi: "Mun gamu da ibtila'i, malam. Amma irinmu ba ma bari ibtila'i ya bar mana tabo."

"Ina ruwan ya taɓa, ranka ya daɗe?"

"Ko'ina. Nemo wurin in ka isa."

Jami'in ya duba sama, ya shafa bango, ya leƙa ƙarƙashin kanta. Ya tambayi kayan da suka lalace, aka ce an rabu da su. Ya tambayi hoto, Yaya ya nuna masa wanda aka ɗauka jiya: ga shi tsaye gaban sabon bango, ga rabin fuskata a gefe tana murmushi.

Daga ƙarshe mutumin ya ce, "Gaskiya ban taɓa shiga shago mai kyau haka ba. Ko ɗigon ɓarna ban gani ba."

Yaya ya cika ya batse don daɗi. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To ka rubuta haka, ka kai wa manyanka."

"Ai abin da zan rubuta ke nan, ranka ya daɗe."