Yadda Za Ki Tsare Igiyar Rigar Mama Alhali Mafici Biyu Ne a Hannunki

Ke 'yar'uwa, matso kusa. In kika bi matakan nan bi da bi, na yi miki alkawari igiyar rigar mamanki ba za ta ƙara leƙowa ta gaishe da jama'a ba, ko da rigar da kika saka ba ta da hannu sam, ko da zafin birninmu Wuhan ya kai a soya ƙwai a kan dakali. Maganar gwana ce kike ji. Na shekara da shekaru a layin baya na ƙungiyar rawar unguwarmu, ni ke jan sifika, kuma daga layin baya babu kafaɗar da ba a gani. Duk dabarar da zan faɗa miki an gwada ta a jikin mutum, wato jikin Yaya Tao. Ni ba na gwaji da nawa.

1. Fara samo matsalar tukuna

Ba a shan magani sai da ciwo. Don haka ki nemi shugabar rawa irin Malama Kuang, wadda ta koyar da motsa jiki a firamare har ta yi ritaya, amma usur ɗinta bai yi ritaya ba. Ita ce ta tsayar da mu a dandali wata yamma, bayan kowa ta wanke kwanoni ta fito, ta ce an sa gasa tsakanin ƙungiyoyin rawa na gundumarmu, kuma ta riga ta zaɓo mana riga. Ta ɗaga ta sama. Ja ce wur, ba hannu, kafaɗarta ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba.

"Haba Malama, mu fa jikoki gare mu," in ji wata daga tsakiya.

"Jikokin ne za su yi rawar? Ku saurara. Rawar mafici za mu yi, ɗaya a kowane hannu. Duk wadda igiyarta ta leƙo, layin baya, kusa da sifika!"

Ta faɗi haka tana kallona, sai ka ce layin baya gidan yari ne. Sannan ta nuna Yaya Tao da usur, ta kira ta da sunanta na yanka. "Guilan, ke ce a gaba, tsakiya. Duk cikinsu babu mai wuyan hannunki."

Yaya Tao ta yi murmushi, amma hannunta ya tafi kafaɗar hagu. Bara waccan likitoci suka cire mata maman wannan ɓangaren. Ba sirri ba ne. Babu wadda ba ta kai mata miyar saiwar bado ba a unguwar nan, har mijinta Tsoho Pan ya ajiye tumbi. Rigar maman da take sawa yanzu ta musamman ce, mai aljihu da ake cusa na roba, igiyarta faɗi gare ta kamar bel ɗin mota. Da ƙyar kafaɗar jar rigar ke rufe ta. Ga shi tun bayan tiyata kafaɗar hagun ta ɗan sauka, abu kaɗan igiya ta zame.

Ita ba kunya ke damunta ba. Ta gaji ne da mutane suna karkata kai suna ce mata, "Ya jiki?" Rawa ɗaya take so ta yi a gaba, a kalli hannuwanta, a manta da asibiti. In igiyar nan ta leƙo, kowa zai tuna.

2. Ƙara mata ɗauri

Wannan ita ce shawarar da kowa zai fara ba ki, musamman waɗanda ba su taɓa gwadawa ba. Ja igiyar har ƙarshe. In kina iya numfashi, ba ki ja sosai ba.

Yaya Tao ta ja. Igiya ta zauna daram, ita kuma ta kasa ɗaga hannu ya wuce kunne. Malama Kuang ta busa usur. "Guilan, mafici kike ɗagawa ko tasi kike tarewa?" Da ta koma gida, igiyar ta bar mata kwari a kafaɗa wanda za a iya shuka albasa a ciki.

Hikima: igiya kamar suruka take, in kin matsa mata ta rama, in kin sake mata ta fita yawo.

3. Soka mata fil

Samo fil mai kulle, ki haɗe igiya da riga ta ciki. Dabara ce mai kyau ga mai zama wuri ɗaya tana kallon talabijin. Ga mai rawa kuwa, ki sani fil yana da lokacin da ya ga dama ya buɗe baki.

Na Yaya Tao ya buɗe daidai inda ake ɗaga mafici biyu sama. Ta ce "Wayyo!" ta daka tsalle, ta juya a iska, ta dira a kan ƙafa ɗaya. Muka yi cirko-cirko. Malama Kuang ta tofar da usur daga bakinta.

"Kun gani? Kun ga yadda ake sa rai a rawa? Wannan tsallen ya shiga. Kowa ta yi shi!"

Haka aka ƙara mana tsalle a rawa saboda fil ɗaya. Gwiwata ta dama har yau ba ta yafe wa kowa ba.

4. Saurari 'yarki da ke Shenzhen, amma kada ki yarda da ita

'Yar Yaya Tao ta kira ta a waya, fuskarta cike da allo, tana cin abinci a ofis.

"Mama, duniya ta ci gaba fa. Akwai salatif mai gam ciki da waje, liƙawa kawai za ki yi. Na turo miki, gobe zai iso."

"A jikin mutum ake liƙa shi?"

"Duk 'yan fim shi suke sawa."

'Yan fim ba sa rawa a dandalinmu a tsakiyar bazara. Waƙar farko salatif ya riƙe. A ta biyu gumi ya karyo. Kafin ta uku salatif ya bar kafaɗa, ya gangaro ta hammata, ya liƙe a mafici, maficin ya ƙi buɗewa. Mu duka mun buɗe namu fal, ita tana tsaye a gaba da sanda a hannu kamar mai korar kaji.

An gudu ba a tsira ba. Sauran salatif ɗin yana nan, da shi na gyara wayar sifika.

5. Koyi ɗage kafaɗa a ɓoye

To, tunda hannu biyu na riƙe da mafici, kafaɗa ce za ta yi wa kanta aiki. Da kin ji igiya ta fara tafiya, ɗage kafaɗar sama, karkato kai, ki ɗan girgiza, ta koma mazauninta. Ki yi shi cikin kiɗa, ba wanda zai gane.

Ƙarya nake. Kowa zai gane, kuma abin da za su gane ba shi ba ne.

Yaya Tao ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu. A na uku wata ta yi min alama in kashe sifika. Kafin ka ce kwabo mata sun yanyame ta.

"Yaya Tao, wurin ne?"

"Ciwo yake yi? Ko dai ya dawo ne?"

"Zauna, zauna, ga ruwan zafi."

"Lafiyata ƙalau," ta ce. "Igiya ce kawai."

Ba wadda ta ji. Duk kawuna sun karkace. Sai ga Malama Kuang ta tako a hankali, usur na lilo a ƙirjinta, ta yi magana da wata murya mai laushi da ban taɓa sanin tana da ita ba. "Guilan, in gaba ya yi miki nauyi, ki koma baya ki huta. Ba mai ganin laifinki."

Da tsawa ta daka mata da ya fi sauƙi. Yaya Tao ta naɗe mafitanta, ta saka a jaka, ta wuce gida ba ta waiwayo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, ko kankanar da aka yanka ban ci ba.

6. Kada ki sa rai da mijinki

Wannan matakin na fi kowa sanin sa. Namiji zai iya gano kifi a ƙasan kogi, amma ki aske kanki ƙwal ba zai lura ba sai ya nemi mataji.

Dubi Tsoho Pan. Tsohon direban bas ne, bakinsa kamar an ɗinke. Kullum yamma zai biyo matarsa dandali da 'yar kujerarsa ta naɗewa da akwatin kayan fatsa, ya zauna can gefe yana warware zare yana mitar ƙarar sifikata. Ko tafi bai taɓa yi mana ba.

Barandarmu na jingine da tasu. Ba laɓe nake ba, shanya nake kwashewa, na ji Yaya Tao tana cewa:

"Tsoho, jibi rigar sanyi zan ɗora a kai, in tsaya kusa da sifika."

"Rigar sanyi a wannan zafin? Sai dai a kwaso ki."

"To me zan yi? Kai me ka sani? Tun da muka baro asibiti ka taɓa ɗaga ido ka dube ni? In zan canja kaya sai ka tuna kana da aiki a baranda."

Can ya ce, "Taliyarki ta huce, Tsohuwa."

Ta yi kuka, na ji ta sarai. Ni ma na tsaya riƙe da zanen gado ina share ido da shi.

Washegari da safe ta tafi kasuwa sayen ganye. Na hango shi a baranda da tabarau a kan hanci, akwatin fatsa a buɗe, jar rigar gasa a kan cinyarsa. Na ce a raina, shi ke nan, mutumin nan ƙugiyoyinsa yake gogewa da ita, yau za a yi kisan kai a gidan nan. Na rufe tagata don kada a kira ni shaida.

7. Ranar gasa, duba cikin rigar kafin ki saka

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a leƙa cikinta.

Muna bayan dandamali a lambun gunduma, ana ta shafa hoda ana rigimar jan baki. Yaya Tao ta zo da rigar sanyinta a hannu, ba ta kula kowa ba. Ta zura jar rigar, sai ta tsaya cak. Wani abu mai sanyi ya taɓa mata kafaɗa. Ta cire, ta juya cikin.

A kafaɗar hagu an ɗinka ɗan madauki da zaren fatsa, an kitsa shi riɓi uku. A bakinsa akwai ɗan ƙarfen nan mai ɗan kulle da masu fatsa ke maƙala ƙugiya da shi. Ɗinkin kuwa muni, sai ka ce bakin buhun shinkafa. Ba a tsakiyar kafaɗa aka sa shi ba, an ɗan ja shi baya, daidai inda igiyar ke fara guduwa.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zura igiya a madaukin, ƙarfe ya ce ƙas. Ta miƙo min rigar sanyin.

"Ungo, rufe sifikarki da ita." Ta juya. "Malama, ina gaba."

Malama Kuang ta dubi fuskarta, ta matsa mata hanya.

Muka yi rawa. Mafitai suka tashi sama, suka sauko, igiya shiru. Aka zo tsallen fil, ta daka shi ya fi na ranar farko, igiya ko motsi. Ni daga baya idona na kan kafaɗar nan har na manta nawa tsallen, gwiwata ta gode.

Na uku muka zo. Matan ƙungiyar bakin tafki ne suka cinye, kuma kowa ya san ƙanwar shugabarsu na cikin alƙalai. Da muka duƙa gaisuwar ƙarshe, igiya ɗaya ce ta zamo har gwiwar hannu a gaban jama'a, shuɗiya mai leshi, ta Malama Kuang. Na gaya mata akwai wuri kusa da sifika.

Wata baƙuwa ta ratso taro ta kama hannun Yaya Tao. "Yaya, don girman iyayenki, wa ya koya miki juya wuyan hannu haka?" Ita ke nan tambayar da aka yi mata ranar. Babu wanda ya karkata kai.

Tsoho Pan na can ƙarƙashin bishiya a kan 'yar kujerarsa. Ta nufe shi, ni kuma na bi ta, don sifika ta nan za ta bi.

"Tsoho, wa ya ce ka taɓa min riga?"

"Kifin da ya fi jikanki nauyi bai tsinka zaren nan ba."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ya aka yi ka san inda take zamewa? Kai da kullum kanka na cikin akwati."

Ya ci gaba da naɗe zarensa. "Inda sarewa ke shigowa, kike sauke hannun hagu. Kullum a nan ne." Ya yi gyaran murya, ya kalli wani wuri. "Tun da kika koma rawa nake zuwa dandalin nan da kayan fatsa, Tsohuwa. Kin taɓa ganin ruwa a wurin?"

Ta ɗaga mafici ta maka masa a ka. Ta sake maka masa. Sannan ta zauna a kan akwatin fatsar, ta buɗe maficin ta rufe fuskarta da shi, kafaɗunta na rawa. Igiyar dai ba ta zame ba.

A kula

Mai wannan bayani ba ta ɗauki alhakin komai ba: sukar fil, kwarin kafaɗa, ciwon gwiwa, ko zuwa na uku. In ɗan ƙarfen ya ƙi buɗuwa sai da filaya, kamar yadda ya faru a gidan su Yaya Tao, ki nemi wanda ya ɗinka, kada ki buga min ƙofa. In kin ce na yi miki alkawari a farko, to na yi, amma ban ce matakan duka suna hannuna ba. Shida na farko kyauta ne. Na bakwai kuwa ba a sayar da shi a kasuwa, nawa mijin yana can yana minshari a gaban talabijin, kuma na tambayi Yaya Tao, ta ce ba ta ba da aro.