Kular Da Ke Dawowa A Wanke

"…lafiya ƙalau, amaryata. Ya gajiyar baƙi? Ina ɗan ƙwacen nan da ya raba ni da ke?"

Kakanta ne ke amsa gaisuwar da ba ta yi masa ba. Ta tsaya a bakin shagonsa na gyaran rediyo, hannu a ƙugu, tana bin ko'ina da ido. Ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Tun da hutu ya ƙare baƙi suka watse, aka bar ta da firij cike da kaji da shinkafa, ita kuwa ba ta iya zubar da abinci ba. Kullum sai ta sake wa kazar nan kama: yau ta yagalgala ta cikin taliya, gobe ta soya ta da shinkafa da ƙwai, jibi ta mayar da ita miya. Ta zuba wa mijinta a kula ya tafi makarantar da yake koyarwa, da yamma kula ta dawo wayam. Har ta fara yi wa maƙwabta alfahari. Sai jiya ta lura a wanke kular take dawowa, tas, har da gogewa. Mutumin da ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba! Da ta shinshina murfin, sai ƙaurin dalmar liƙin waya ya bugi hancinta, ƙaurin da ta sani tun tana rarrafe a shagon nan.

"Tsoho, ina kulata?"

"Ikon Allah! Mace ta zo gun mijinta na fari, ba gaisuwa, ba ko ruwa a kofi, sai tuhuma?"

"Mijin da ya shekara ɗari bai sai min ko ɗankwali ba. Ina kulata?"

"Ni rediyo nake gyarawa, yarinya, ba kwanuka ba."

"To wannan shinkafar da ke gemunka, ita ma daga cikin rediyon ta fito?"

Ya kai hannu gemu da sauri, nan ya kama kansa. Ta wuce shi fuu, ta leƙa bayan wata tsohuwar talabijin da aka kwashe kayan cikinta. Ga kula nan zaune daram, da cokali a ciki, an ci rabi.

"Rana dubu ta ɓarawo!" in ji ta. "Da furfurarka da komai, kai ne mai karɓar kayan sata?"

"Sata? A shari'ar wace ƙasa miji ya ci girkin matarsa aka kira shi ɓarawo? Ɗan ƙwacen nan naki ne ya ga hakkina ya yi masa nauyi, yake kawo min da kansa kowace safiya, ya dawo ya ɗauka da yamma. Yaron kirki. Ban taɓa son sa ba sai makon nan."

"Shi kuma me yake ci?"

"Burodi da lemon kwalba, a tsaye, kamar maraya."

Nan ranta ya ƙara ɓaci. Da a ce wani girki mai daɗi ya samu a waje, da da sauƙi. Amma busasshen burodi ya fi abin da ta tashi da sassafe ta tsaya a kansa?

"Me ya ce? Faɗa min abin da ya ce, ko in tafi da kular nan yanzu."

"Baki shi ke yanka wuya, amarya."

Ta ɗauki murfin za ta rufe.

"Tsaya, tsaya! Cewa ya yi duk rigar da kika sa wa kazar nan yana gane ta. Ya ce har sun saba, in ya buɗe kula sai sun gaisa. Ya ce yana tsoron ta riga shi cin gadon gidan."

"Lallai ma! Wa ya sayo kajin? Shi ya jido su kamar zai ciyar da sojoji. Na ce a rage, ya ce kada danginsa su raina shi. Dangin suka tsakura suka tafi, suka bar ni da gawarwaki. In zubar, a ce almubazzara ce. In sarrafa, a ce ɗumame. Kuma kullum ya dawo sai ya kalli tsabar idona ya ce Allah ya yi wa hannun nan albarka!"

"Saƙona ne yake isarwa. Ni nake cewa ya faɗa."

"Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Kai ma da ka san daɗin abinci da ba ka ƙare a ragowa ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ki dube ni, ni ma ragowa ne, ga shi kin kasa rabuwa da ni."

"Kai ai kwantai ne, ko kyauta ba mai ɗauka. To ka ji: daga yau kula ta yi ritaya. Ya ci burodinsa safe, rana, dare, har ya koma burodi. Tukunyata ba ta ƙara hawa wuta dominsa."

Da gaske take, kuma tsohon ya gani. Ya ajiye sukudirebar da ke hannunsa. Ta juyo ta dube shi.

"Ki yi masa faɗa, ya cancanta," ya ce a hankali. "Amma ki bar kular nan ta riƙa zuwa. Kazar da aka dafa, aka sake dafawa, ita kaɗai dasashina yake iya murzawa. Rabona da nama tun kakarki na da rai. Ita ta san yadda ake yi min."

Maganar ta soke ta. Kullum tana wucewa ta ƙofar shagon nan ta jefa masa zolaya, ba ta taɓa tambayar abin da yake ci da rana ba. Kunya ta kama ta, amma ko kusa ba za ta bari tsohon nan ya ga hawayenta ba. Ta dangwarar da kular a gabansa.

"Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kula za ta zo, biyu ma. Amma shi zai kawo, ya zauna a kan bencin nan ya cinye tasa a gabanka kafin ka taɓa taka. In ya rage ko ƙashi, washegari ku duka biyu burodi."

"Wato in zama ɗan sandanki?"

"Ba albashi."

"In ya ƙi fa?"

"Kai ka san yunwa."

Tsohon ya tuntsire da dariya har da tari, ya jawo kular jikinsa ya rungume.

"Na sallama, amarya, kin yi nasara. Gobe zai ci kazar nan ko da kuka ne, ni zan riƙe masa cokali. Ke dai tawa ki ƙara mata wuta."